Baba Muntari Mai Karatun Gindin Darbejiya

Duk mai bin hanyar Ɗorayi zuwa Sharaɗa da sassafe ya san dattijon nan mai baƙin keke, wanda ke ɗaure kwanon abincinsa a baya, ya rataya wata tsohuwar jaka a gaba. Da yawa sun ɗauka sifana da filaya ne a jakar, alhali littattafai ne. Shi ne Malam Muntari, Baba Muntari a bakin ma'aikata, mai kula da injin saƙa a wata masana'antar tabarmar roba. Yakan iso kafin a busa jiniya, ya jingine keke, ya zagaya injinsa yana kasa kunne, ya ɗiga mai inda ya kamata, sannan ya yi bismillah. Haka ya yi ta yi tsakani da Allah har furfura ta cinye masa kai. Sai ga shi lokacin ajiye aiki ya zo saboda idanunsa sun yi rauni. Injin ba zai rasa magaji ba. Abin da ya hana abokan aikinsa sukuni shi ne majalisar karatun da ya kafa a gindin darbejiyar bakin ƙofa, ko za ta rayu bayansa.

Wanda bai taɓa aikin kamfani ba bai san wahalar ɗauke wuta da rana tsaka ba. Injuna su yi tsit, a fito waje a zube, ba aiki ba tafiya gida. A irin wannan zaman ne wasa ke zama zagi, zagi ya zama cin kwala. Wata rana, shekaru da dama da suka wuce, ana cikin wannan zaman, Baba Muntari yana gefe da littafinsa sai ya tuntsire da dariya shi kaɗai. Ashafa, wani ƙaton mai lodi mutumin Maraɗi, ya juyo ya ce, "Malam, dariyar mi kake kai ɗaya? Raba muna mana." Sai ya koma farkon shafi ya ɗaga murya. Ko da wuta ta dawo ba wanda ya motsa, sai da oga ya fito da kansa yana tafa hannu. Tun daga ranar karatu ya samu gurbi a hutun bayan azahar, maza a tabarmarsu, mata a tasu.

Littattafan kuwa na almara ne zalla: aljanu, bokaye, biranen ƙarƙashin ruwa, takubba masu magana. Akwai masu taɓe baki su ce tatsuniyar yara ce gemu-gemu ake zaune ana saurare. Shi dai ba ya fushi. Yakan ce mutumin da ya wuni yana kallon zare na shiga yana fita, ai ya cancanci ya hau bayan tsuntsu ya zaga duniya kafin a sake busa jiniya. Mu ma mun yarda da shi, kuma masu taɓe bakin, in ka lura, su ne ke fara matso da benci.

Yana da murya, ba a musu. In ya yi muryar aljani har mai sayar da ruwa sai ta waiga. Amma ainihin gwanintarsa tana wajen tsayawa. Daidai inda rai ya ɗauko, sai ya rufe littafi a kan yatsa, ya dubi jama'a ya ce, "To, ku me kuka gani?" Nan fa ake yin ta.

"Ni fa Baba, jarumin nan bai burge ni ba," in ji Atika ta sashen ɗaure tabarmi, wadda bakinta ba ya ajiye magana. "Da an matsa masa sai aljani ya zo ya sunkuce shi. Wannan ai ba jarumi ba ne, fasinja ne."

"Ke dai ba kya son ki ga namiji ya yi nasara," in ji Kamilu direba.

"Ni abin da ya dame ni daban," Ashafa ya ce. "Mutum ya wuni yana sara da takobi, ba a ce ya zauna ya sha ruwa ba. Wallahi wanga marubuci bai taɓa lodin mota ba."

Ranar da aka kammala littafi, ranar zaɓe ce. A shimfiɗa wata tabarma da inji ya ɓata, a jera littattafan da mutane suka kawo, wasu na aro, wasu bangonsu ya daɗe da tafiya. Wanda ya kawo littafi ya miƙe ya yi masa kamfen. Daga nan kowa ya tsinci guntun zaren roba a shara ya ajiye a gaban wanda ransa ya kwanta da shi, wanda tsibinsa ya fi tudu shi ya ci. Doka biyu ce kawai Baba Muntari ya kafa: ba a faɗin ƙarshen labari, kuma littafin da aka fara sai an kai ƙarshensa, da daɗi ko ba daɗi. Kamilu ya taɓa karya ta farko, garin zumuɗin kamfen ya ce ai bokan nan shi ne uban yarinyar. Hukuncinsa sharar gindin darbejiya har aka gama littafin, mata na nuna masa ganyen da ya tsallake.

Mutane sun shaida abin da wannan zama ya gyara. Ashafa da Kamilu sun taɓa daina gaisawa a kan rigimar lodi, har aka gaji da ba su baki. Baba Muntari bai yi musu wa'azi ba. Da zaɓe ya zo sai aka ga zarensu ya faɗa gaban littafi guda, su biyu rak, sai kawai ya ce su tashi su kare zaɓinsu. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kumfar baki a kan wani maƙeri da ya ƙera garkuwa da ƙanƙara. Sun faɗi zaɓen, amma kwano ɗaya suka ci abinci ranar.

Sai ido ya fara. Littafi ya riƙa matsowa har ya kusa taɓa hanci, aka canja tabarau, aka sake canjawa. Ƙarshe likita ya ce ƙananan rubutu kam sai haƙuri. Baba Muntari bai ɓoye ba, ya faɗa wa majalisa a fili.

Kamilu, da yake ba ya rasa dabara, ya zo da waya da 'yar sifika, ya ce ai yanzu akwai masu karanta littattafai a saka a waya. Aka kunna. Murya ras, ba tari ba tuntuɓe, sai dai ba ta san tsayawa ba. Ashafa ya yi ta daka mata tsawa, "Kai, dakata mana, ban yarda da wagga magana ba!" ita kuwa ko a jikinta. Kafin a gama musu labari ya kai wani gari. In Kamilu ya tsayar, sai ya tsayar inda ba abin cewa. Rannan ana tsakiyar yaƙi oga ya kira wayar yana tambayar ina mota. Cikin 'yan kwanaki zama ya fara watsewa, kowa ya koma gefe ya duƙufa a kan tasa wayar. Baba Muntari yana ganin inuwar mutane na raguwa a gindin bishiya, abin ya sosa masa rai ƙwarai.

Ranar aikinsa ta ƙarshe ya ce a kira kowa, a shimfiɗa tabarmar zaɓe.

"Zaɓen me, Baba? Wa zai karanta?" in ji Kamilu.

"Ku dai ku zaɓa."

Aka koma gefe aka yi ƙus-ƙus. Can sai ga Ashafa da wani ƙunshi ɗaure da igiya, ya dire shi tim kamar bulo. Labari ne guda mai kashi-kashi da yawa, wanda aka sha kayarwa a zaɓe saboda tsawonsa. Ba wanda ya yi kamfen. Zare ya yi ta zuba a gabansa, har na Atika, wadda ta taɓa rantsewa ba za ta saurare shi ba. Baba Muntari ya shafa ƙunshin tun daga sama har ƙasa, ya gane, ya yi dariya har da hawaye.

"Ja'irai, haɗa baki kuka yi!"

"Baba, ai ku kuka kafa doka," in ji Atika. "In an fara sai an gama. Ku buɗe mana kawai."

Ya kwance igiya, ya ɗauki kashi na farko, ya kai shi daf da fuska. Kan babin da manyan baƙaƙe aka rubuta, ya karanta shi a hankali. Ashafa ya buga cinya ya ce, "An fara! Ba ka da hanyar gudu." Dattijo ya gyaɗa kai, sannan ya miƙa littafin ɓangaren mata.

"Atika, nawa idon nan ya tsaya. Ci gaba da naki."

"Ni, Baba? A gaban mutanen nan?"

"Mutanen da kike wanke wa kai kullum? Karanta, 'yata."

Ta karɓa, ta kama karatu da gudu kamar mai tsoron a ƙwace. Shi kuma ya lumshe ido yana saurare. Ana zuwa inda wani sarki ya kori 'yarsa saboda maganar boka, sai ya ɗaga hannu. "Tsaya nan." Ta tsaya. Sai musu ya ɓarke, irin wanda aka yi kewa, har masu waya suka cusa ta aljihu suka matso.

Ana cikin haka Ashafa ya ce, "Baba, yau ba kai ke karatu ba. Kai mi ka gani?" Sai a lokacin aka farga, duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ra'ayinsa a kan ko da littafi guda. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Sarkin nan sakarai ne. Kuma na daɗe ina son in faɗa muku, jarumin nan na bara da kuka yi ta yabo, shi ma sakarai ne."

Wuri ya kaure da ihu. Atika ta ce ba ta yarda ba, Kamilu ya ce ashe da ma Baba ɗan adawa ne, dattijo kuwa ya zage yana kare kansa har jiniya ta raba su.

Baba Muntari, kai ne ka mai da zaman jiran wuta makaranta. Kai ne ka nuna wa mai lodi da mai ɗauri cewa ra'ayinsu abin tsayawa a saurara ne, ka koya mana a yi musu a tashi ana dariya. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idanunka haske, ya sa hutun nan ya zame maka alheri. Ku kuma ma'aikatan masana'antun Challawa da Bompai, ba kwa rasa inuwa a bakin ƙofa, ba kwa rasa mai iya karatu a cikinku. Ku ba shi littafi, ku koya masa inda zai tsaya.

Yanzu keke ya huta. Da azahar adaidaita sahu ke sauke Baba Muntari a gindin darbejiya, Atika na karatu, shi yana ɗaga hannu. Labarin kuwa ko rabi ba a kai ba, kuma ba wanda ke sauri.