Tafiyar da Maƙogwarona Ya Toshe

Bakina ne ya kai ni hannun Nasara. Wautar tawa ce, gara in faɗe ta da kaina tun wani bai riga ni ba. A lokacin ba a daɗe da kafa bariki a Filinge ba. Ran kasuwa ina zaune ina cika baki, wai babu rijiyar da ban san ɗanɗanon ruwanta ba daga Kurfai har inda ƙasa ta ƙare. Wani mai jar hula a gefena yana ta gyaɗa kai, yana cewa in ƙara. Na ɗauka daɗin labari yake ji. Ashe tafintan kumandan ne, Nasaran da ke riƙe da barikin.

Ba a jima ba gardi, ɗan sandan bariki, ya tsaya a ƙofar gidana. Kumandan zai yi gabas da sojojinsa in sanyi ya ja baya, ana son wanda ya san hanya ya ja masu ɗaukar kaya. Bai ce yaushe zan dawo ba, ni ma ban tambaya ba, don a wancan zamani ba a tambayar gardi.

Ni madugu ne na ɗan ayarin jakkai. In an gama girbi mukan labta gero mu yi arewa ta wajen Abala, mu musanya da Buzaye, mu dawo da gishiri da tumaki. Gidaje da yawa a unguwarmu da wannan tafiya suke tsallake bazara. Da gardi ya juya sai na zauna na ƙirga mutanena a zuci, ina neman wanda zai riƙe ayari bayana. Babu ko ɗaya. Shekara da shekaru ni ke gaida masu rijiya, ni ke ciniki, ni ke raba faɗa, ni ke cewa a sauka ko a tashi. In wani ya buɗe baki na riga shi. Ina ce ƙwazo nake yi, ashe na tara ƙarti ne masu jiran a ce musu. Har wasu sun fara raɗa cewa in na tafi za su kai jakkansu wajen wani madugu na Bonkuku. Tafiya guda ta rage mini kafin in bi kumandan, na kuwa ɗaura niyya a cikinta sai na fitar da madugu.

Na zaɓi taubashina, ɗan ƙanwar babana. Tare munka tashi, ina kiransa bawana yana kirana bawansa, har yau ba a raba gardamar ba. Ƙato ne, shi kaɗai yake ɗora taiki a bayan jaki, ga gaskiya, ga saurin fushi, magana kuwa sai ka roƙe ta.

Da fari na bi hanyar da na sani. Na zaunar da shi a zaure na buɗe masa baki: ga yadda ake yi da mai rijiya, ga yadda ake duba gishiri, ga yadda babana ya yi, ga yadda ni na fi babana. Can sai ya miƙe.

"Kai bawana, ka kusa? In da saura bari in ba jakkai dusa in dawo, na san nan zan same ka."

Abin ya ba ni haushi, amma ya sa na yi tunani. Muddin ina da murya, babu wanda zai dubi wani in ana neman shawara. Ko shi kansa ni zai duba. Don haka ran tashi na naɗe wuyana da tsohon rawani, na fito ina tari, ina nuna maƙogwaro. Na ja taubashina na raɗa masa a kunne cewa muryata ta tafi, shi zai ja ayari, ni zan bi baya a kan jaki. Uwargidana tana bakin ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah ya sa ciwon ya daɗe."

Ga wanda bai taɓa bin hanyar arewa ba, rijiya can tana da mai ita, kuma akwai yadda ake zuwa mata. Ana tsayar da dabbobi nesa. Madugu ya je shi kaɗai da ɗan ƙullin taba, ya zauna, ya gaida mutum, ya tambayi garke, ya tambayi iyali. Ba ya ambaton ruwa ko ƙishi na kashe shi, sai mai rijiya ya ambata da kansa. Duk na faɗa wa taubashina wannan a zaure, cikin sauran abin da bai ji ba.

A rijiyar farko rana ta yi tsaka, jakkai sun ji ƙamshin ruwa. Sai kawai taubashina ya kora su har bakin kwamin da ake zuba wa dabbobi ruwa. Mai rijiyar wani dattijon Buzu ne. Ya naɗe igiyar gugansa, ya zauna a kanta, ya ce, "Wa ya kira ku?"

"Ruwan na Allah ne, tsoho," in ji taubashina.

"To ka je ka ce Allah ya gina maka taka."

Nan fa ido ya dawo kaina, dukansu. Na san dattijon, na san sunan raƙuminsa ma, da gaisuwa guda da na gyara. Wani daga cikin mutanenmu ya matso ya ce, "Madugu, ko da hannu ne ka yi magana mana." Na nuna wuya, na sunkuyar da kai. Munka wuce ba ruwa. Sai da yamma lis munka sami wani tabki da ya kusa ƙafewa, ruwan kamar kunu, kafin nan kuwa jaki guda ya kwanta a hanya sai da anka raba kayansa. Ban taɓa jin wuyar yini irin wannan ba, don maganar tana nan a bakina ina haɗiye ta.

Da munka sauka, taubashina ya same ni a gindin gawo, idonsa jawur.

"Ka ga abin da ka jawo? Ka ɗauki ayarinka."

Na ja kunnensa kusa, na raɗa masa, "Mi ka gani a bakin rijiyar nan kafin ka ga ruwa?"

"Tsoho da garke."

"Mi tsohon yake yi?"

"Yana jan guga. Shi kaɗai."

"Kai kuma mi ka kai masa?"

Na ciro ƙullin taba na sa masa a hannu. Ya juya shi ya ce, "Ni ba ni da bakinka. In na zauna gaisuwa, kafin in kai ga iyali ta ƙare."

"Ban ce ka ari bakina ba. Ka ga inda ya kai ni."

Tun daga nan haka munka riƙa yi. Duk inda anka sauka ya zo, in tambaye shi abin da ya gani da abin da yake shirin yi. In ya faɗa, ko ban yarda ba, in ce to. Wannan "to" ɗin ta fi taikin gero nauyi.

Rijiya ta biyu ita ce magana. Salkunanmu sun bushe, in anka hana mu nan sai komawa gida da geronmu, kuma kowa ya san inda jakkai za su nufa baɗi. Taubashina ya tsayar da ayari can nesa, ya tafi shi kaɗai. Muna hangensa. Ya zauna, ya miƙa taba, gaisuwar kuwa kamar yadda ya faɗa, nan da nan ta ƙare. Sai na ga ya miƙe, ya tuɓe riga, ya karɓi igiya daga hannun mai rijiya ya fara ja.

Madugu ba ya shayar da garken wani, babana bai yi ba, ni ban yi ba. Ina ganin za a raina mu har wajen ciniki. Na zabura zan kwala masa kira, maganar ta zo har haƙori. Na damƙi ragowar taba na cusa a baki, ni da ba na cin taba. Kaina ya juya, na rungume wuyan jaki, hawaye na zuba. Mutanenmu sunka ce ciwon madugu ya tashi.

Shi kuwa yana can yana ja. Sai da ya shayar da garken mutumin kaf. Can mai rijiya ya ɗaga sandarsa ya yafuto mu. Jakkai sunka sha, munka cika salkuna, har nono anka kawo mana a ƙwarya, ya kuma nuna masa zangon da masu gishiri sunka sauka. Daga ranar babu wanda ya sake waiwayo ni. Abin da nake nema ke nan, amma ba zan ɓoye ba, ya yi mini zafi. Wajen ciniki ma haka. Buzu ya faɗi nasa tayin, taubashina ya yi tsit yana dubansa, har mutum ya tsargu ya ƙara. Ina gaya wa kaina da ni ne da na samo fiye. Allah ne masani.

Muna hango rumbunan gari muryata ta dawo garau, na ce albarkar iskar gida ce. Ban ji wanda ya sake zancen Bonkuku ba.

Na bi kumandan, na daɗe, na dawo kamar kara. Na tarar ayari yana nan, jakkai sun ƙaru, har taubashina ya fara tura wani gaida masu rijiya shi yana tsaye daga nesa. Ya zo yi mini barka, munka zauna a zauren nan da na taɓa cika masa kunne. Ina shirin tuna masa wanda ya koya masa aiki sai ya riga ni.

Ya ce, "Bawana, tun ran da munka tashi na san lafiyarka lau, na ji ka a bayan dutse kana zagin jakinka. Da ka yi wanga ciwo tun da daɗewa, da yanzu ba a rasa madugu a unguwarmu."