Fatun da Muka Ajiye Ni da Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, ni na gaji zaman zaure. Yayyena duk suna Kano da Kaduna, kowa da hidimar gabansa, ni kuwa ina Karaye da takardar difloma a ƙasan akwati, ba aikin fari balle na baƙi. Kullum da hantsi sai in tallafo shi in kawo shi zaure, in jingina shi da bango, in koma gefe da wayata. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fataucin gyaɗa tsakanin Rogo da Karaye, wanda dillalai ke miƙewa in ya shigo kasuwa, ya koma sai ya wuni bai ce uffan ba. Bakin bai mutu ba, magana tana fita, da ɗan nauyi dai. Abin faɗar ne babu. Masu zuwa dubiya sun yi wata ɗaya, sun yi biyu, suka ɗauke ƙafa.

A wayar nan wani wasa nake yi na intanet, irin wanda mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa a cikinsa. Akwai garuruwa, akwai daji, akwai kasuwa, kuɗin ciki kuma azurfa ake ce masa. Yawancin 'yan wasan yaƙi suke yi. Ni ko a ido biyu ba na son faɗa, balle a waya, don haka na tsaya a kasuwa. Mafarauta na kawo ɗanyar fata su zubar da araha don su koma daji. Sai in saya, in ɗora wa sa, wato bijimin dakona na cikin wasan, in kai wani gari inda kuɗin jima ke da sauƙi, a jeme, in sayar wa masu ɗinka sulke da takalma. Ɗan abin da ke tsakanin ɗanya da jemammiya shi ne abincina. Akwai masu sayen azurfar da naira, to da haka nake samun na data, wani lokaci har da na maganin Baba. Ba wata sana'ar a zo a gani ba ce. Wuya ya ƙage, ido ya yi yaji, ga sabis ɗin garinmu da ke ɗaukewa daidai lokacin da ka fi bukatarsa.

Wata rana na yi tsaki da ƙarfi, don wani ya riga ni kwashe fatun da nake jira. Sai na ji Baba ya ce, "Kai, me ke cikin abin nan ne da kake ta tsaki tun safe?"

Na yi masa bayani sama-sama, irin wanda ake yi wa tsoho don a wuce wurin. Bai bari na wuce ba. Ya tambayi nawa nake saye, nawa ake jima, nawa 'yan kasuwa ke cira in na sayar. Na faɗa. Ya yi lissafi, leɓensa na motsi, sannan ya ce, "Ashe wahalar banza kake yi. Ka lissafa tafiyar da kake yi da san? A tafiya ɗaya kana iya yin biyu in ka taho da wani kayan a dawowa. Wa ya taɓa dawowa daga Rogo da mota wayam?"

Gaskiyarsa ce, kuma ban taɓa tunanin haka ba.

Daga ranar muka zama abokan ciniki. Da na jingina shi sai ya ce, "To, yaya ta kwana?" Kasuwar yake nufi. In karanta masa farashi, ya yanke hukunci. Shi ya hana ni zuba kaya gaba ɗaya a gaban masu saye, ya ce a riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan kada su ga gindin buhu. Shi ya gane cewa ranakun Asabar da Lahadi mafarauta sun fi yawa, fata ta fi araha. Yana yi yana ba ni labarin yadda yake sayen gyaɗa mai ɓawo a Gwangwan da Zoza, a ɓare, ya kai wa matan da ke matsar mai, man daban, ƙuli daban, ko ɓawon bai taɓa zubarwa ba. Jarina ya ƙaru sosai a watannin nan. Inna, mahaifiyata, ta ce ita dai ba ta san abin da muke ƙullawa ba, amma tsohon ya fara cinye tuwonsa.

Bayan an gama girbi a wajenmu, sai farashin ɗanyar fata ya faɗi warwas a wasan. Na karanta masa. Ya ɗago hannunsa mai lafiya ya bugi tabarma.

"Kaka ce! Saya. Zuba duk abin da kake da shi, a jeme, a kulle a sito. Kada ka sayar da ko ɗaya sai bazara ta yi nisa."

Ni na san ba kaka ba ce. Masu kamfanin wasan ne suka ƙara yawan namun daji, sun ma rubuta sanarwa na karanta. A can babu rani babu damina. Dabbar da aka kashe yanzu, kafin ka sha ruwa wata ta tsiro a gurbinta. Abin da ke sa gyaɗa tsada a Karaye shi ne rumbu yana ƙarewa, mai shuka na neman iri, mai gida na neman na miya. A can ba abin da ke ƙarewa.

Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na dube shi. Da safen nan ya sa an ɗauko masa hularsa, wadda rabonsa da ita tun daga asibiti, ya zauna da ita a zaure kamar mai jiran baƙi. Sai na haɗiye maganar. Na ce a raina azurfar wasa ce, in ta tafi ta tafi. Na saye fatun nan har sitona ya cika, na kama hayar wani.

Watannin da suka biyo baya su ne suka fi gajiyar da ni a duk jinyar. Ɗaga shi da kwantar da shi bai kai wannan nauyi ba. Jari na kulle, ba saye ba sayarwa, amma dole in riƙe waya in yi kamar ina aiki. Kullum ya tambaya, kullum in ce, "Tana nan dai, Baba," ko in ce, "Ta ɗan motsa." Ta motsa kam, ƙasa take yi. Shi kuma da kasuwar garinmu yake aunawa. Duk wanda ya leƙo zaure sai ya tambaye shi nawa tiyar gyaɗa, in aka ce ta hau sai ya kalle ni ya gyaɗa kai, wai in ga aikin manya. Har da wani tsohon yaronsa ya zo gaisuwa daga Yammedi, Baba ya ce masa, "Muna da kaya a ajiye, ni da wannan." Na sunkuyar da kai ina latsa waya. Na tsani kaina a ranar, na kuma ji haushinsa, ban san dalili ba.

Da aka yi ruwan shuka, washegari ko zama bai gama yi ba ya ce, "Yau za a buɗe sito. Karanto min."

Na yi niyyar ƙara wa farashin wani abu. Amma na gaji, wallahi na gaji, sai kawai na karanta abin da ke rubuce. Bai manta yadda muka saya ba, ya fi ni riƙewa. Jemammiyar ma ba ta kai kuɗin da muka sayi ɗanyar ba.

Ya ce, "Sake karantawa."

Na sake.

"To wa ke kawo fata yanzu, ana tsakiyar shuka? Mutanen can ba sa zuwa gona?"

"Babu gona a can, Baba. Babu damina. Kayan ba ya yankewa, kullum kaka ce."

Ya daɗe yana kallon ƙofar zaure. Wata akuya ta leƙo ta koma. Na zaci asarar yake lissafawa, har na fara cewa ba komai, za a mayar. Ya katse ni.

"Tun yaushe ka san haka?"

"Tun ranar da muka saya."

"Ka sani, ka saya."

"Na ga kana jin daɗi ne, Baba."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. A hankali ya ce, da bakin nan nasa mai nauyi, "Yarana na kasuwa, wanda duk ya ga zan faɗa rami yakan ce, Alhaji, ba haka ba ne. Ko na zage shi sai ya faɗa. Ashe kai lallashina kake yi."

Na ce ba haka ba ne. Ya ce in mai da shi ɗaki, bayansa na ciwo.

Na sayar da fatun a yadda suka samu, na koma saye da jima kamar da, da ɗan abin da ya rage. Har yanzu ina yi, don ban sami wani abin ba. Da hantsi nakan jingina shi da bango, in zauna kusa da shi fiye da da, in karanta farashi da ƙarfi, in ce, "Baba, me ka gani? In saya ko in dakata?" Da gaske nake tambaya yanzu, don sau da yawa ban san abin yi ba.

Ba ya ko juyowa. Sai ya ce, "Allah ya kawo kasuwa," kamar yadda ake ce wa mai tallan da ba za a sayi kayansa ba.