Wanda Ke Fara Sa Cokali a Gidan Korbinian

Rai na Allah ne, ko da yake a ƙasar nan yanzu akwai masu ganin nasu ne. Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, 1944, mai kawo wasiƙa ya miƙa wa matarka Zenzi takarda, ya juya ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Layi huɗu ne kacal. Wai Korbinian Stadlhuber, manomi a ƙauyen Haslried, mai shekara sittin da uku, ya rasu ran shida ga wata a sansanin tsare mutane, sanadiyyar ciwon zuciya. Ciwon zuciya! Kai da kake saɓa buhun hatsi ka hau bene da shi kana fito. Gawar ma ba a ba mu ba, an ce an ƙone ta.

Yaya, ni ce ƙanwarka Walburga. Na ɗauki alƙalami ne don jarida ta ce ba ta da wuri, Fada kuma ya ambaci sunanka a coci da muryar da ko na sahun gaba ba su ji ba.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba, kana da taurin kan tsiya. Amma shekarar da aka kashe mijina a wancan yaƙin, kai ne ka zo da keken doki, ka ɗora akwatina, ka ce, "Burgi, tashi mu je, shanu na jira." Shekara ashirin da bakwai ina gidanka, ko sau ɗaya ba ka nuna min zaman alfarma nake ba. Duk saniyar da haihuwa ta gagara a Haslried, kai ake kira, ka nannaɗe hannun riga ka tafi, ko mai saniyar ba kwa ga maciji da shi.

Abu guda ne ba ka yarda a taɓa ba, tsarin cin abinci. Kwano ɗaya a tsakiyar tebur, kowa da cokalinsa, kowa da mazauninsa. Kuma kamar yadda muka gada, babban bara na gona shi ke fara sa cokali, mai gida da iyalinsa su jira, don shi ya fi kowa shan wahala. Kajetan ya san wannan sarai. Maraya ne ka ɗauko, ya yi shekara bakwai yana kiwon shanunka, yana ci a ƙarshen teburin nan, kafin ya shiga rundunar nan ta masu mulki da ake kira Baƙaƙen Riguna.

Lokacin dariya muka yi. Muka ce masu tsaron ƙofar manya ne, a bar su su yi ta buga ƙafa da hoton ƙoƙon kan mutum a hula. Ba mu ankara ba sai ga tsohon ɗan sandanmu yana ƙame wa Kajetan. Da aka fara yaƙi suka yi sojojinsu daban, kotunsu daban, kurkukunsu daban, masana'antunsu daban. Suka koma sa kaya ruwan toka, amma sunan ya bi su. Har ta kai sojan da ya dawo daga bakin daga da hannu ɗaya sai ya rage murya in ɗayansu ya shigo gidan giya. Muna kallo, kowa na cewa ba ruwansa.

Aka kwashe ɗanka Vitus da barorinka duka zuwa yaƙi, aka turo mana Bolek, mutumin Poland da aka kamo daga garinsu. Doka ta ce irinsu ba sa cin abinci tebur ɗaya da mu. Ka ce, "To dokar ta zo ta yi min huɗa." Da yake shi kaɗai ne bara, shi ne babba ke nan, shi ke fara sa cokali. A wurinka maganar ta ƙare.

Wata rana da azahar a watan Nuwamba, Kajetan ya zo hutu, ya turo ƙofa ba sallama. Ya same mu mu uku riƙe da cokula a kan miyar dankali, muna jiran Bolek ya fara sa nasa. Kai kuwa murna ka yi, wallahi murna ta gaske.

"Kajetan! Kai ne ka yi ƙiba haka? Me suke ba ku? Zauna mana, ga wurinka nan ƙasa da Bolek. Burgi, miƙo masa cokali."

Ya ce, "Baba Korbinian, ni za ka zaunar ƙasa da wannan?"

Ka ce, "Yo ai shi ne babban bara yanzu. Hular ce ta sa ka manta?"

Ya juya ya fita. Bayan kwana uku aka zo aka tafi da ku biyu, kai da Bolek.

Kafin a shiga kotu suka kawo maka mafita. Wai ka ce Bolek ne ya zauna da ƙarfin tsiya, ya tsorata tsofaffi, sai ka koma gida, shi kuma a rataye shi. Ni ce na je ɗakin da aka tsare ka, na kama rigarka ina kuka, na ce, "Yaya, ka faɗa mana! Ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, ba za su bar shi ba." Ka ce, "To su yi, amma ban da bakina. Ni na ce ya zauna." Na kira ka wawa a ranar. Ita ce kalma ta ƙarshe da ka ji daga gare ni.

Alƙali tsoho ne, ɗan manomi. Ya ja maka kunne, ya ce kwanakin da ka yi a tsare sun isa, ka tafi gida. Zenzi har ta fara gode wa Allah. Muna saukowa daga matakalar kotu sai ga mota a tsaye, mutum biyu na Baƙaƙen Riguna suka kama ka a hammata. Ka ɗaga takardar sakin, hatiminta ko bushewa bai yi ba, ka ce, "Alƙali ya sallame ni." Ɗayansu ya ce, "Alƙali ya gama nasa, Baba." Na ɗaga kai na ga alƙalin a taga. Ya saki labule.

Bolek kuwa har yau ba wanda ya gaya mana inda aka kai shi. Kajetan an ƙara masa girma. Ran Lahadi Fada ya ce mu yi wa ’ya’yan ƙauyen nan da ke bakin aiki addu'a, ya jero sunaye. Da ya zo kan sunan Kajetan na rufe bakina, kuma ban yi nadama ba.

Allah ya ji ƙanka, Yaya, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba mai turo maka ƙofa. Ina yi wa Zenzi ta'aziyya, Allah ya ba ta juriya. Ina yi wa mahaifiyar Bolek, wadda ban san sunanta ba balle garinsu, in ma tana raye. Ina yi wa Vitus, wanda ke kwance cikin ƙanƙara a gabas yana tsare wa waɗanda suka kashe ubansa ƙasa. Jiya wasiƙarsa ta iso, yana tambaya ko tarin Baba ya yi sauƙi. Zenzi ba ta iya rubutu ba, ni zan ba shi amsa, kuma su ne za su fara karantawa kafin ta kai gare shi. Don haka da hannuna zan rubuta masa cewa ciwon zuciya ne. Allah ya yafe min.