Faifan da Yaya Bala Ya Bari

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Bala, kuma har yau faifan da ya bar mini amana yana cikin akwatin Inna a Gummi.

Bala ya yi aiki a bakin teku da masu ƙidayar dolfin, wata dabbar ruwa mai siffar kifi da ke shayar da 'ya'yanta. Irin da ke zama kusa da gaɓa suna ƙarewa, saboda komar masunta na kama su. Ruwan wurin ba ya nuna abin da ke ciki, don haka sai su zura na'ura daga kwalekwale su naɗi kukansu. Da wannan kukan ake ƙiyasta yawansu.

Inna ba ta taɓa son aikin ba. A gidanmu ba a ƙidaya mai rai. Ko baƙuwa ta tambaye ta yawan 'ya'yanta, sai ta ce, "Alhamdu lillahi, akwai su." Ranar da Bala ya yi mata bayani, cewa ta yi, "Kai Bala, mi ag gaminka da lissahin halittar Allah? Ƙidaya ka rage abu." Ya yi dariya ya ce, "Inna, abin da ba a ƙidaya ba, ko ya ƙare ba mai sani."

Da ciwo ya tsananta ya dawo gida, ya damƙa mini faifan, naɗin shekara huɗu. Ya ce in kai shi ga duk wanda ya ci gaba da aikin, domin sai da na baya ake gane ko ana raguwa.

Na yi ƙoƙari. Na rubuta wasiƙu, na buga waya. Wasu sun ce ayarinsu ya watse. Wani ya ce yanzu da jirgi marar matuƙi suke ɗaukar hoto daga sama, su haɗa da sauti, zai neme ni. Shekara biyu ke nan bai neme ni ba. Na san Bala zai yi murna da jiragen nan, amma zai tambaya: da me za ku gwada abin da kuka gani yau? Amsar tana ƙarƙashin zannuwan Inna, zafi yana cin ta. Wani mai gyara a Anka ya gaya mini irin wannan faifai ba ya daɗewa a ajiye.

Watan jiya na sa aka kwafo mini kaɗan a waya, na kunna wa Inna. Fito ne siriri, sai ƙyas-ƙyas, sai muryar Bala yana faɗin wuri da lokaci. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaye ni ko su nawa ne. Na ce ban sani ba, kuma masu iya sani ba su zo ba.

Sannan ta ce, "Ɗiya bakwai nih haifa. Saura shidda. Sake rubuta musu."

Abin da nake yi ke nan. Allah Ya jiƙan Bala.