Zangarniyar Ado da Ƙwaryar Iya

A gidanmu na ƙauye, can bayan Dambatta, ɗakin Iya ne ke gaya mana lokacin girbi ya yi. Iya mahaifiyar babanmu ce, 'yar siririyar tsohuwa mai kaifin baki, wadda ba a taɓa ta a kwana lafiya. Da an fara yankan dawa sai ta ɗauki 'yar wuƙarta ta bi gona kunya-kunya tana zaɓen zangarniya, kuma ba ta yarda kowa ya taya ta. Ta dawo da kaura, da farafara, da wata ja wur, ta zube a tsakar gida ta raba gida biyu. Na iri ta rataye su saman murhu inda hayaƙi zai riƙa bugunsu har damina. Na ado kuwa sai ta turara su a tukunya da ganyen darbejiya, ta shanya, sannan ta ɗaure su uku-uku da kaba ta jera a bango.

A ƙarƙashinsu take shirya sauran kayan: faya-fayai masu launi, kabewa biyu ko uku, busasshen zoɓo, da gyaɗa mai ɓawo. A tsakiya kuma ƙwaryarta, wadda ta zana da kanta da ƙarfe mai zafi tun tana amarya. Akwai kunama a jikinta, da ganyen rama, da wata tsaga a baki da ta ɗinke da zare. Ba a shan fura a cikinta. Shekara-shekara take fitowa, ta yi wata biyu tana karɓar baƙi, ta koma cikin tukunyar ajiya.

Na taɓa tambayarta me ya sa take turara dawar da ba ci za a yi ba. Ta ce, "Kowace zangarniya da baƙinta a ciki, Hansai. In ba ki sallame su da tururi ba, su za su sallame ki daga ɗakin."

Bayan magariba, in an ci tuwo, sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga wata nan tafe da ƙafarta." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini, amma ta Kande da Jummai tana nan daram, don duk girbi sai ta maimaita mana ita.

Kande, in ji Iya, mace ce mai hannu. In ta yi wa ɗakinta adon girbi, har daga wasu unguwanni ake zuwa kallo. Maƙwabciyarta Jummai ba ta iya komai ba sai baki. Rannan surukan Jummai za su zo, sai ta shigo ta ce a ara mata zangarniya ta rufa wa ɗakinta asiri. Na adon suna shanya ba su bushe ba, sai Kande ta sauko da na irinta, mafi kyau a cikinsu, ta ba ta amana. Baƙi suka zo suka yaba, Jummai ta ce ai aikin hannunta ne. Da suka tafi ta kwance damin ta watsa wa kaji. Kande ta zo karɓa, Jummai ta ce, "Don 'yar zangarniya kika tako? Kaji dai sun gode."

A nan Iya takan tsaya ta tona gyaɗa, ta bar mu muna cin rai. Sannan ta ce Kande ta juya ta fita. Ta je gidan uwarta ta samo ɗan irin da za ta shuka, ta zauna tana jira. Ruwan farko ya sauka, Jummai ta duba ba ta da irin kirki, ta dawo ba kunya tana roƙo. Kande ta yi murmushi ta ciro mata na bango, waɗanda suka fi kowanne sheƙi, waɗanda suka sha tururi. Jummai ta shuka, shiru. Ta sake shukawa, shiru. Kafin ta gane, damina ta yi nisa, gonar kowa ta rufe mutum, tata sai ciyawa.

Mukan yi ihu mu tafa, har Iya ta ce mu bari ta ƙarasa. Yunwa ta shiga gidan Jummai, suka rasa abin sa wa a baki, sai suka kama akuyar da ke ɗaure a turkensu suka yanka. Akuyar nan kuwa ta Kande ce, ita kaɗai gare ta, ta ba Jummai kiwo tun ana zaman daɗi, zafin rai ya sa ta manta.

"To, kun ji," in ji Iya. "Wanda ya cuce ku, ban ce ku bar shi ba. Amma ku fara kwance akuyarku." Sai ta watsa wa wutar ƙasa ta ce kan ɓera ya ƙone, kowa ya nemi shimfiɗarsa. Mu dai dariya muke yi. A wurinmu daɗin labarin yana gonar da ta ƙi tsiro, akuyar ƙarin gishiri ce kawai.

Da Iya ta rasu, ni aka ba ƙwaryar, don ita ta faɗa da bakinta. Na naɗe ta a zani na sa a tsakiyar akwati lokacin da na samu aikin jinya a Dubai a 2016. A unguwar Al Nahda na samu ɗaki, a gidan da muke haya mu uku. Garin nan ba ya girbin komai, amma da watan Oktoba ya kama sai kantuna su cika da kabewar roba da ganyen roba mai ruwan ɗorawa. Ni kuwa sai kewar gida ta taso mini. Akwai wata 'yar kasuwa da ke zuwa daga gida tana sauka a unguwar Al Buteen, yayana yakan ba ta zangarniya ta saƙalo mini a kayanta. In turara su a tukunyar girkina, in shanya a baranda, in ɗaure uku-uku. Ɗan teburin cin abincinmu ya sha faifai da zoɓo da kabewar gaske, ƙwaryar Iya a tsakiya.

A shekara ta uku Anti Zuwaira ta kawo mini ziyara. A taron matan Arewa muka san juna. Ta girme ni, mijinta yana harkar tura kaya gida, ita kuma tana yi wa mutane adon tebur in suna da liyafa. Tana ganin teburina ta riƙe baki. "Hansatu, rumbu kika kwaso kika kawo Dubai? Wallahi ƙauye ba ya fita daga jikin mutum." Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Bayan mako guda sai ga kiranta. "Habibti, ta wajena, taimako za ki yi mini. Wata customer ce ta ce ba ta son roba, natural take so, na gaske. Ara mini kayan nan naki kwana biyu, har da 'yar ƙwaryar." Na so in ce ban da ƙwaryar. Kunya ta riƙe mini harshe, babba ce, kuma a baƙon gari ba a son a ce ka cika rowa. Na naɗe mata da hannuna, na gaya mata ta kakata ce, ta ce, "Khalas, shi ke nan, kamar tana hannunki."

Kwana biyu suka zama goma. Ranar nan ina hutun rabin rana a wurin aiki na buɗe waya, sai ga hoton teburin da ta yi, an rubuta a ƙasa wai sabuwar fasaharta ce. A tsakiya ga wani abu yana walƙiya. Sai da na matso da hoton na gane ɗinkin bakin. Ta fesa wa ƙwaryar Iya fentin gwal, ciki da waje, kunamar da ganyen ramar duk sun nutse.

Ana tashi na hau bas zuwa International City, unguwar da take zaune. Ta buɗe ƙofa tana fara'a. "Haba Hansatu, ai gyara miki na yi. Da tsohuwar ƙwarya ce, yanzu ta zama decoration. Ki bar mini ita shwaiya, ɗan lokaci kaɗan, mutane na son ta." Na ce a ba ni abata ko a haka. Ta ce ƙwaryar tana wurin wani aiki, inshallah mako mai zuwa. Shekara guda cur ina jin mako mai zuwa.

Ba zan yi wa kaina kwalliya ba, na tsani matar nan. Na gaishe ta a taro, na amsa mata "Anti" da ladabi, amma duk ranar da na ga hoton ƙwaryar a kan teburin wani, sai in ji abinci ya fita raina. Ban kai ƙararta wurin kowa ba. Wa zan gaya wa ina kuka a kan ƙwarya a garin da ake sayar da gwal a kan titi? Na yi irin ta Kande, na zauna ina jiran ruwan farko.

Ya kuwa sauka a Oktoban 2019. Ta kira ta ce mijinta zai karɓi abokan harkarsa da matansu a gida, kuma a cikin matan akwai wadda za ta aurar da 'ya, in teburin ya burge ta aikin bikin nata ne. Tsofaffin zangarniyun sun kakkarye, tana son sababbi. Na ce, "An gama, Anti."

Da saƙon yayana ya iso ban ɗora tukunya ba. Na ƙulle su a leda na ajiye a baranda, zafin garin nan ya yi mako uku yana renon baƙin da Iya ta faɗa. Ranar liyafar da safe na kwance, na karkaɗe ƙwarin da suka fito fili, na bar na ciki. Na ɗaure uku-uku da kaba, kaura da farafara da ja. Tunda nake ban taɓa ɗauri mai kyan wannan ba. Ta gani ta ce, "Mashallah! Ki tsaya ki taya ni zuba abinci."

Ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta jera zangarniyun tsakanin farantai, ta cika ƙwaryar Iya da sauran, ta kunna kyandirori a gefensu. Baƙi suka zauna suna yabo, tana cewa ai tun tana yarinya take da wannan baiwar. Ina tsaye da tiren shinkafa lokacin da ɗumin kyandir ya fara aiki. Na farko ya fito yana tafiyarsa a natse a kan farin ƙyallen. Sai na biyu. Kafin a gama zuba miya sun bazu, baƙaƙe ƙanana, suna hawa cokula suna faɗawa kofuna. Uwar amaryar ta ɗaga cokalinta ta duba, ta ajiye a hankali, ta kalli mijinta ta ce, "Yalla, mu tafi."

Na ga fuskar Anti Zuwaira a lokacin, kuma har gobe in na tuna sai na ji sanyi a raina. Ta biyo ni kicin. "Me kika kawo mini, Hansatu?" Na ce, "Abin da kika ce, Anti. Natural." Na wanke hannu, na ɗauki jakata, na bi ta gefen teburin na fita. A tasi har waƙa na yi.

Sai da gari ya waye na tuna. Na kira ta na ce yau zan zo in karɓi ƙwaryata. Muryarta a dushe ta ce, "Khalas. Masu feshi sun zo tun safe, sun kwashe komai a baƙar leda, har tsiyar taki. Ki je bola ki nema." Na je. Na zagaya bayan ginin nasu, na buɗe manyan durom ɗin shara ɗaya bayan ɗaya da kayan aikina a jikina. Mai gadi ya ce motar shara ta wuce tun ƙarfe tara.

A daren liyafar ƙwaryar tana gabana, tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba. Mutane sun miƙe, kowa na kakkaɓe riga, ba wanda zai hana ni ɗauka. Ni kuwa idona yana kan fuskar Zuwaira, ina ƙoshi da kallo, na wuce abin da na yi shekara ina kuka a kansa. A bayan ginin nan na tsuguna na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Iya.

Mutane na son a ce darasin irin wannan labari shi ne a yi haƙuri a bar wa Allah. Iya ba ta ce haka ba, ni ma ba zan ɗora mata ba. Ban yi nadamar ƙwarin nan ba ko guda ɗaya, kuma aikin bikin da ya kuɓuce wa Zuwaira bai taɓa hana ni barci ba. Abin da na gane, bayan shekara ashirin da wani abu ina jin tatsuniyar, shi ne ba don gonar Jummai Iya take maimaita ta duk girbi ba. Ta san jininta. Ta san in ranmu ya ɓaci ba ma ganin komai sai wanda ya ɓata shi, shi ya sa take ajiye akuyar a ƙarshe, inda take fatan za mu riƙe.

Har yanzu in Oktoba ta zo ina yin teburina. Ina turara zangarniya, in jera faifai da zoɓo da kabewa. Abokan zamana sun sha cewa in sayi wata ƙwaryar a sa a tsakiya, har ɗaya ta kawo mini tsaraba daga Kano. Na gode mata, na sa a kicin muna wanke shinkafa da ita. Tsakiyar teburin fili nake bari, daidai faɗin ƙwaryar Iya.