Kyamarar Jamus da 'Yar Rashan Baba Tanko

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da Alhamis ɗin da aka buɗe ambulan biyu a ofishin Darakta a Dutse. Ku da kuka zo aiki kuka tarar da kyamarar da ke nuna hoto a bayanta nan take, dole in ɗan yi muku bayani kafin ku gane abin da ya faru.

A farkon shekarun 1990 ne, jiha tana sabuwa, ofisoshi da yawa a gidajen haya. An ɗauke ni mai ɗaukar hoto a sashen yaɗa labarai na wata ma'aikata, mataki na biyar, ina cikin shekara biyun gwaji da ake yi wa sabon ma'aikaci kafin a tabbatar da shi. Wanda ba a tabbatar ba kuwa, takarda ɗaya ta isa ta mayar da shi gida. Mu biyu ne a sashen, ni da Malam Tanko, wanda kowa ke kira Baba Tanko. Daga Kano aka dawo da shi lokacin rabon ma'aikata, mataki na bakwai, saura shekara biyu ya yi ritaya. Baki gare shi kamar reza. Ranar da na kama aiki ya juya takardar shaidata gaba da baya, ya ce, “Nasiru, ita ce za ta riƙe maka kyamarar?”

Kyamara biyu muke da su, duk tsofaffi, kuma iri ɗaya ne a tsari. Ba ta cikin gilashin gaba ake leƙawa ba, ta wata 'yar taga ce a gefe. Za ka ga mutum ya rabu biyu, sai ka murza zobe har biyun su haɗe, sannan ka latsa. Abin da ke faruwa a bayan gilashin kuwa ba ka ganinsa sam. A can ciki akwai wani siririn labule na baƙin ƙyalle, shi ke tare haske daga fim har lokacin da ka latsa.

Ta Baba Tanko 'yar Rasha ce, tasa ta kansa, da kuɗin da bai fi na tunkiya ba ya saye ta. Tagarta dishi-dishi, jakarta warin jima, in ya latsa ta sai ka ji kamar an rufe akwatin ƙarfe. Ɗayar ta Jamus ce, Darakta ne ya sa aka sayo wa ofis a hannun wani dillali a Kano, kuma duk da ta girme ni, kuɗinta ya fi na sabon babur. Gaskiya ta cancanta. Tagarta garau, zobenta sulɓi, ƙararta ba ta kai ta ƙifta ido ba. Ni aka danƙa wa ita, na sa hannu a littafin kaya. Daga ranar tafiyata ma ta canza.

Babban abin kunyar mai irin wannan kyamara shi ne ya manta murfi a kan gilashi. Tun da ba ta nan yake leƙawa ba, sai ya ƙare fim guda bai ɗauki komai ba. Ni da wayona sai na jefa murfin tawa a aljihun tebur, na huta. Baba Tanko nasa da zare ya ɗaure, yana rufewa bayan kowane hoto.

“Ina murfinka?” ya tambaye ni wata rana.

Na ce, “Baba, mai ido kamar wannan ba a rufe mata fuska.”

Ya ce, “To, Allah ya ba da sa'a, Bajamushe.”

Ana nan sai takarda ta fito cewa gurbin mai hoto ɗaya aka amince wa hedikwata. Ɗayanmu za a tura Miga, inda babu ɗakin wanke hoto, aikin kawai raba takardun sanarwa. Darakta ya kira mu ya ce ba zai yi son kai ba. Ranar Laraba Kwamishina zai buɗe rijiyar burtsatse a Aujara, kowa ya ɗauka da tasa, ya kawo hoto goma a ambulan da sunansa. Ya ƙara da cewa, yana murmushi, “A nan za mu ga ko araha tana ado.”

Lokacin bazara ne. Tun hantsi muka isa Aujara, Kwamishina bai zo ba har azahar. Da aka kira salla na cire kyamarar daga wuyana don ruwan alwala kada ya taɓa ta. Na shimfiɗa hankici a kan gaban motarmu, na kwantar da ita rigingine, gilashi yana kallon sama, wai kada ya karce. Direba ya ce zai sa ido. Muka yi salla, muka tsaya gaisawa da dattawa, na dawo na same ta da ɗumi, ban kawo komai a raina ba.

Kwamishina ya iso, aka yi jawabai, ya kama hannun famfon ya danna, ruwa ya tsarto, mata suka rangaɗa guɗa. Na ƙare fim guda cif, ina ta durƙusawa ina miƙewa don a san da ni a wurin. Baba Tanko kuwa yana gefe, ban ji ƙarar tasa ta fi sau goma sha biyar ba.

Da la'asar muka shiga ɗakin wanke hoto. Na zaro fim ɗina daga ruwan magani na ɗaga shi. A kan kowane hoto, wuri ɗaya, akwai baƙin tabo kamar an ɗiga tawada. Baƙi a fim fari ne a takarda. Da na buga na farko, sai ga Kwamishina da babbar riga da hannu a kan famfo, amma babu fuska, sai wani farin dunƙule. Na biyu haka, na uku haka. Na ce innalillahi.

Baba Tanko ya karɓi kyamarar, ya kwance gilashin, ya buɗe bayanta, ya ɗaga ta saitin ƙwan lantarki. A tsakiyar labulen ga huda nan, ba ta fi bakin allura ba, haske yana tsiyayowa ta ciki.

“Ka taɓa ganin yara suna ƙona takarda da gilashin tabarau?” ya ce. “To abin da ka yi ke nan. Rana ba ta san Jamus ba. Tawa ma labulen ƙyalle ne, da na shanya ta haka da ta ƙone.”

Na yi gudun gara na tad da zago. Maganar Miga ma ta fita daga raina, domin lalata kayan gwamnati ga wanda ba a tabbatar ba takardar tuhuma ce, daga ita sai kora. Matata tana da tsohon ciki a ɗakin hayarmu na Takur. Na zauna a kan bokiti, hawaye suka zubo, ban ma ji kunyarsa ba.

Ya ce, “Tashi ka buga goma ɗin. Kuka ba ya toshe huda. In sun bushe zan sa maka a ambulan.”

Washegari da safe muka shiga wurin Darakta, na riga na shirya kalmomin neman afuwa. Ya ɗauki ambulan mai sunana ya zazzage. Na sunkuyar da kai. Sai na ji ya ce, “Masha Allah!”

Na ɗago. Hotuna goma garau a kan tebur. Ga ruwa yana tsartuwa, ana iya ƙirga ɗigonsa, ga wata tsohuwa ta tara hannu tana dariya, ga fuskar Kwamishina fes. Ban taɓa ganinsu ba. Na Baba Tanko ne.

“Malam Tanko, duba nan,” in ji Darakta. “Wannan aikin Jamus ne kawai. Kuɗi ba ya ƙarya.”

Ya buɗe ɗaya ambulan ɗin, nawa marasa fuska suka zubo. Ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu. “Wannan fa? Haka zan kai wa Kwamishina, ba shi da kai?”

“Ranka ya daɗe, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa,” in ji Baba Tanko. “Tsufa ne, ni da ita.”

Na buɗe baki na ce, “Ranka ya daɗe...” sai na ji diddigen Baba Tanko a kan yatsun ƙafata, ya danne da ƙarfinsa. Darakta ya ce, “Na'am, Nasiru?” Na ce, “Godiya nake.” Abin da na faɗa ke nan, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Muna fita na tare shi a baranda. “Baba, me ya sa? Wallahi bari in koma in faɗi gaskiya.”

“Ka koma ka mayar da ni maƙaryaci da furfurata? Ni Miga za a kai ni, kai gida za a kai ka. Kuma kada ka ɗauka don kai na yi.” Ya yi wata 'yar dariya. “Shekara ashirin ana raina min kyamara. Yau na ji babban mutum ya yabe ta da bakinsa.”

Kafin ya tafi Miga ya toshe hudar da gam ɗin masu faci da ya kwaɓa da baƙin fitila, ya shafa da tsinken ashana. Ya ciro murfin daga aljihun teburina, ya ɗaure shi da zare a jikin kyamarar, ya miƙo min. A Miga ya ƙarasa aikinsa yana raba takardu. Na je gaishe shi sau biyu, duk sau biyun sai da ya zage ni a kan yadda nake riƙe kyamara. Ya rasu bayan ritayarsa da 'yan shekaru, Allah ya jiƙansa.

Na yi aiki da kyamarori masu tsada da masu araha, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, mai tsada ta fi daɗin hannu, ta fi ƙarko. Amma bambancin da ke tsakaninsu bai kai rabin wanda ke tsakanin masu riƙe su ba, kuma wanda ke kan kujera sau da yawa abin da ya riga ya yarda da shi yake gani a takarda. Na kuma koyi cewa a wannan aiki akwai wanda zai gasa ka da baki kullum, ranar da ta ɓaci kuma shi zai tare maka.

Hoton tsohuwar nan mai tara ruwa da ke rataye a ɗakin taro, wanda kuke nuna wa baƙi kuna cewa Oga ne ya ɗauka tun yana saurayi, sunana ne a ƙarƙashinsa shekara da shekaru. Ban ɗauke shi ba. Kafin in yi ritaya in miƙa makullina ranar Juma'a, ina so ɗayanku ya sauko da shi, a goge, a rubuta Malam Tanko.