Fasinjojin Zugu

Ban taɓa mantawa da ranar da wata tsohuwa ta sa na taka birki a Makabartar 'Yan Jirgi ba, wurin da ko mahaukacin direba ba ya tsayawa. Lokacin ƙasar nan tana Dahomey, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuma ina jan kamiyo, wato babbar motar kaya, a Gar, tashar jirgin ƙasa ta Parakou. Ku yaran yanzu sai an yi muku bayani. Jirgin ƙasa daga Kwatano a nan yake ƙarewa, don haka duk kayan da za su arewa, siminti ne, gishiri ne, sukari ne, mu ke ɗauka mu kai bakin Kwara, mu dawo da gyaɗa. Shef ɗin tasha shi ke raba lodi, shi ke cewa wane ya tafi, wane ya jira. Namu shef ɗin Mushe Sanni ne (Mushe kamar Malam ne a Faransanci), ɗan unguwar Guéma, mutumin da ba ya maimaita magana.

Makabartar kuwa ga asalinta. Tun zamanin Turawa wani jirgin ruwa mai hayaƙi ya kife a Kwara cike da fatake, yawancinsu 'yan goro ne mutanen Djougou, wadda mu muke kira Zugu. Waɗanda ruwa ya mayar aka binne su a kan wani tudu, daga baya hanyar mota ta zo ta bi ta gindinsa. Direbobi suka ce mutanen nan ba su san tafiyarsu ta ƙare ba, har yanzu abin hawa suke jira ya kai su gida. In ka tsaya, su hau. In ka danna oda, su ɗauka jiniyar jirginsu ce, su taso. Wane ya rantse ya ga mai farar riga yana ɗaga hannu, wane ya ce motarsa ta yi nauyi har ta kasa hawan tudu. Saboda haka dokarmu ita ce ba tsayawa, ba oda, ka jefa goro ta taga ka taka wuta. Wallahi na fi bin wannan doka a kan ta jandarma.

Wata safiya ina duba ruwan mota Mushe Sanni ya zo da wata tsohuwa mai ɗan kwando a hannu. Ya ce sunanta Inna Hauwa, daga Zugu ta zo, mijinta yana cikin waɗanda jirgin ya ci, kuma ba ta taɓa ganin kabarinsa ba. Da tana yarinya dangi suka ce hanya ba ta mace ba ce, yanzu kuma ido ya fara yi mata hazo, tana so ta gani kafin ya rufe. Ya riga ya tambayi sauran direbobi, kowa ya tuna yana da ciwon ciki ko tayarsa ta yi sanyi. Na buɗe baki zan nemo nawa ciwon, ya ce ai mahaifiyata 'yar Zugu ce, in ɗauke ta a gaba. Shi ke nan, ya juya. Abokaina suna gindin durumi suna dariya, ɗaya ma har yana tambaya wa zan bar wa rediyona.

Muka kama hanya. Inna mace ce mai hira, kafin mu yi nisa ta gano kakata, ta gano gidanmu, ta gaya mini wanda ya auri wa tun ba a haife ni ba. Sai na saki jiki. Amma da tudun ya bayyana washegari da hantsi, ƙafata ba ta yi shawara da ni ba. Na zaro goro daga aljihu na wurga ta taga, na taka wuta, muka wuce fuuu. Sai da muka yi nisa na ce mata ai nan ne wurin, amma lodi ya yi nauyi, sai a dawowa. Ƙarya nake, kuma ta sani.

Ba ta yi faɗa ba. Sai ta ce in nuna mata irin goron da na jefa. Na miƙa mata sauran. To, kun san halin direba, goron da sankara ta ci, wanda ba mai iya tauna shi, shi muke warewa don makabarta. Ta ɓare ɗaya, ta kai shi dab da idonta, ta shinshina.

"Ɗana," ta ce, "mutumin da ke kwance can, in ya ga irin wannan a huhun goronsa ko jaki ba ya ba. Da shi kuke jifansa?"

Kunya ta kama ni har wuya. Har muka sauke siminti muka ɗauki gyaɗa ban ƙara haɗa ido da ita ba.

A dawowa, rana tsaka, na tsaya. Kada ku ce jarumta ce. Hannunta ne a kan gwiwata tun daga nesa. Ina kashe mota sai ga mai farar riga ya taso daga gindin wata tsamiya yana ɗaga hannu, sak yadda ake faɗa. Ni dai na san na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar cin abinci, kaina kuma yana ƙarƙashin sitiyari. Inna ta buɗe ƙofa ta sauka ta yi masa sallama. Ya amsa. Fatalwa kuwa ban taɓa jin tana tari ba, wannan tari yake kamar tsohon inji.

Ashe masunci ne na wani ƙauye a bayan tudun. Ya ce shekara da shekaru yana tare motoci don ya kai busasshen kifinsa kasuwa, amma da sun gan shi sai su jefe shi da ruɓaɓɓen goro su ƙara gudu, har ya yanke cewa direbobin Parakou ba su da tarbiyya. Na ce Baba, ka yi haƙuri, ba haka ba ne. Ya ce to yaya ne? Na juya na dubi Inna.

Inna ta tambaye shi kabarin mijinta, ta faɗi sunansa, ta kwatanta shi, dogo, mai tsage a kunci. Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya ce yana saurayi aka yi abin, da hannunsa ya taya fitar da su, amma ruwa ya riga ya canza kamanni, ba wanda ya san wane ne wane. Yadda suka zo haka aka jera su. Muka hau tudun. Kaburburan duk sun kwanta, ciyawa ta rufe, sai ɗan tudu-tudu nan da can. Na ga tana bi tana shafawa da tafin hannu, daga wannan zuwa wancan, kamar mai neman allura. Na tausaya mata ƙwarai, don na san abin da ta zo nema ba za ta samu ba.

Ta zauna ta yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Ta buɗe kwandonta, ga goro fari da ja, manya, a lulluɓe cikin ɗanyen ganye, ta ba tsohon sadaka. Sannan ta juyo ta tambaye ni me direbobi ke cewa mutanen nan suna so. Na ce wai mota suke jira zuwa Zugu.

"In ƙarya ce, me kuke gudu?" ta ce. "In kuwa gaskiya ce, mutane suna bakin hanya suna neman gida, ku kuna wucewa? To, tunda ban gane nawa ba, duk nawa ne. Sauke ƙofar baya ka danna musu oda."

Na sauke. Na danna, dogo, har tsuntsaye suka tashi daga tsamiya. Muka jira kaɗan. Wanda na gani da idona ya hau shi ne tsohon da kwandunan kifinsa, shi ma a kasuwa ta gaba ya sauka. Ko mota ta yi nauyi? Gyaɗa ce a ciki, dole ta yi nauyi. Amma na lura ko rami na gani sai in lallaɓa, ni da ba na rage wuta don kowa.

A Gar, da 'yan dako suka zo sauke gyaɗa suna waƙarsu ta aiki, na ce su yi a hankali, akwai fasinja. Suka leƙa, suka dube ni, ba wanda ya sake waƙa har aka gama. Na je wurin Mushe Sanni na ce ina son izinin wucewa Zugu. Ya ce shi ba ya tura mota fanko. Na ce ba fanko ba ce, shef. Ya dubi Inna a gaba tana riƙe da kwandonta, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in tafi, amma kada in yi gudu.

Mun shiga Zugu bayan la'asar. Ta sa na tsaya a ƙofar masallacin unguwarsu, ta sauka da kanta ta zagaya baya, na sauke mata ƙofar. Ta tsaya tana kallon cikin motar, ba komai sai ɓawon gyaɗa.

"Kun iso," ta ce. "Sannunku da hanya."

Daga nan ta fashe da kuka, ni ma na nemi abin gyarawa a ƙarƙashin mota.

Ban ce muku na ga fatalwa ba, ban kuma ce babu ba, Allah ne masani. Abin da na koya shi ne direba mutum ne mai saurin gina doka a kan tsoronsa, ya bi ta shekaru ba tare da ya tambayi wa ya kafa ta ba. Aikinmu kuwa ɗaya ne, mu kai mutum gida. Tun daga ranar, har na ajiye tuƙi, ban sake wuce tudun nan ban tsaya na yi musu sallama ba. Goron da nake ajiyewa kuma sai na ɓare na duba tukuna.